Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kyamarar Wayata Kan Batun Farin Wata

Zuwa ga Malama Kyamara,
mazauniyar bayan wayata.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina nan garau, ba tsaga ba ƙura, dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne wata magana da ta daɗe tsakaninmu, wadda na ga ya fi kyau a yi ta a bainar jama'a, tunda ba ni kaɗai ta shafa ba. Duk mai Tecno ko Infinix ko itel ko iPhone da ya taɓa ɗaga waya sama a daren sha huɗu ya san zancen.

Bari in fara da yabo, kada a ce ban san alheri ba. Kin ɗauki suna, kin ɗauki ɗaurin aure, kin ɗauki takardar asibiti da rasit ɗin kuɗin makaranta. Aikin da a da sai an ci ado an tafi situdiyo an zauna gaban labule mai zanen fulawa, yanzu ke kike yin sa a tsakar gida kafin tuwo ya huce. An gode.

Amma farin wata ya gagare ki. Zai fito jajir ta bayan rufin kwano, ƙato da shi, ga hasumiyar masallaci a gefe, fitilun titi sun soma kamawa, adaidaita sahu sun yi layi, hayaƙin mai tsire yana tashi. Ido ya ga wannan duka a kallo ɗaya, har da tabon da ke jikin watan. A danna ki, ki ba da gari tas, amma a sama sai wani farin ɗigo mai hazo-hazo, wanda in ba an faɗa ba sai a ɗauka ƙwan solar maƙwabta ne. In kuma aka rage haske har watan ya fito da kamanninsa, gari ya nutse baƙi ƙirin. Ko wata ko gari. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji ki.

Rabin laifin ba naki ba ne, kuma ya kamata jama'a su san haka. Watan da muke gani da dare, shi a wurinsa rana ce tsaka. Dutse ne da ke nesa da mu kimanin kilomita 384,000, ba shi da hasken kansa, rana ce ke dukansa ba tare da gajimare ko inuwa ba. Jikinsa ma ba fari ba ne: kusan kashi 12 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa, daidai da abin da tsohuwar kwalta ke yi. Duhun da ya kewaye shi ne ya sa yake mana ƙyalli. Saboda haka mai ɗaukar hoton wata, fili yake ɗauka da azahar, ko da agogonsa ya nuna sha biyun dare. Tsofaffin masu hoto sun san wannan tun zamanin fim, har suna da ƙa'idar da suke haddacewa: a tsuke ƙofar haske zuwa f/11, a sa ISO, wato ƙarfin jin hasken fim, a 100, a bar marufi ya buɗe kashi ɗaya cikin 100 na sakan. Da wannan awo cikakken wata zai fito da ramukansa da baƙaƙen filayensa. To a bar ƙofar a f/11, a bar ISO a 100, a juyo ga unguwar da fitilun titi kaɗai ke haska ta. Sai marufi ya yi sakan 8 a buɗe, wani lokaci fiye, kafin a gane gini. Tsakanin awon farko da na biyu akwai ninki 800.

Wannan ne ma ya sa babu taurari a saman hotunan da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗauko, abin da masu gardamar majalisa ke kafa hujja da shi cewa ba a je ba. Awon rana suka yi amfani da shi. Hoton duniya tana ɓullowa ta bayan wata, wanda Bill Anders ya ɗauka ranar 24 ga Disamba 1968, an ɗauke shi ne a f/11 da kashi ɗaya cikin 250 na sakan. A irin wannan ƙiftawa tauraro ba ya samun damar shiga.

Na san yadda cikinki yake. A bayan gilashinki akwai ɗan faranti mai miliyoyin ɗigo, kowane ɗigo kamar moɗa ce da aka ajiye ana ruwa. Wadda ke ƙarƙashin indararo ta cika ta tumbatsa tun wadda ke ƙarƙashin rumfa ba ta jiƙe ba, kuma moɗar da ta tumbatsa ba ta iya faɗin yawan ruwan da ya zuba. Ɗigon da wata ya cika ya zama fari fat, babu manhajar da za ta dawo da abin da ke wurin, domin ba a rubuta shi ba tun farko. Idonmu ma ba ya ganin biyun a lokaci guda, wayo kawai yake yi: ya leƙa wata ya daidaita, ya sauko gari ya sake daidaitawa, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ce mana kallo ɗaya ne. Ke kuwa kina duba fuskar hoton gaba ɗaya, ki ga yawancinta duhu ne, ki buɗe don ki ceci duhun. Watan da ke ciki bai isa ki yi shawara da shi ba. Faɗinsa a sama rabin digiri ne, wato a babban gilashinki bai kai ɗigo 30 ba a hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 4,000.

Duk da haka akwai lokacin da wata da gari ke haɗuwa a awo ɗaya, kuma wanda ya fi kowa nuna hakan wani Ba'amurke ne, Ansel Adams. Ranar 1 ga Nuwamba 1941 yana tuƙi a jihar New Mexico, tare da ɗansa da wani abokin aikinsa, bayan yinin da bai samu hoton kirki ba. Sai ya hangi wani ƙauye mai suna Hernandez: 'yar coci ta ƙasa, gidaje kaɗan, maƙabarta mai fararen gicciye da ragowar hasken rana ke duka, duwatsu can baya, ga wata ya ɗago sama da su saura 'yan kwanaki ya cika. Ya taka birki, aka shiga fito da kaya a gurguje, domin kyamararsa irin babbar nan ce mai fim inci 8 da inci 10 wadda sai an kafa ta a kan ƙafafu. Aka nemi na'urar awon haske aka rasa. Abin da ya cece shi shi ne ya haddace ƙarfin hasken wata, kyandir 250 a kowace murabba'in ƙafa a ma'aunin zamanin. Da wannan lamba ya yi lissafi a ka, ya sa f/32 da sakan ɗaya, ya danna. Kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu, rana ta bar kan gicciyen. Hoto ɗaya tak ya samu, kuma a rayuwarsa ya wanke shi fiye da sau 1,300.

Abin lura a labarin shi ne agogo. Masu ilimin taurari sun bi matsayin watan a cikin hoton suka gano an ɗauke shi da ƙarfe 4:49 na yamma. Wato hoton da duniya ke yi wa kallon hoton dare, rana ba ta ma faɗi ba aka ɗauke shi. Baƙin saman da ake gani, a ɗakin wanki Adams ya riƙa ƙona shi, kuma kwafin da ya yi daga baya sun fi na farko duhu nesa ba kusa ba. Ya gyara, ƙwarai kuwa. Amma watan da ke cikin hoton shi ne watan da ya tsaya a kan ƙauyen a wancan minti.

Darasin ga ni da ke a fili yake. Tunda ba za a iya rage wa wata haske ba, sai a same shi lokacin da gari bai gama yin duhu ba. Cikakken wata yana fitowa ne ta gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa ta yamma. A mintocin da ke biyo baya, sama tana da sauran shuɗi, bango yana da sauran haske, an fara kunna fitilu, shi kuma watan yana ƙasa-ƙasa, haskensa yana ratso iska mai kauri wadda ke rage masa ƙarfi tana ba shi launin ja. Ninki 800 ɗin nan sai ya tsuke ya dawo abin da za ki iya ɗauka. Mu a nan ba ma buƙatar wani dogon lissafi kafin mu san ranar, domin da watan muke ƙirga kwanaki. Tsohuwar da ke azumin 13 da 14 da 15 ta riga ta san makon. Abin da ya rage shi ne a tuna cewa kowace rana wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50. Kwana ɗaya kafin cikarsa, zai riga faɗuwar rana, ya fito fari-fari a sama mai haske. Kwana ɗaya bayanta, kafin ya leƙo duhu ya rufe. Manhajoji irin su PhotoPills da The Photographer's Ephemeris suna nuna minti da kusurwar da zai fito a taswira, wanda yake da amfani, domin ba kullum yake fitowa a wuri ɗaya ba: a Disamba cikakken wata yana karkata arewa maso gabas, a Yuni kudu maso gabas.

Sai dai ƙasarmu ta ƙara wa aikin wuya ta wasu fuskoki da littattafan Turawa ba sa ambata. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke nutsewa kusan a miƙe. Almurunmu, daga faɗuwar rana zuwa lokacin da sai da fitila, minti 20 ne da 'yan kai. A Landan cikin watan Yuni yana wuce minti 40. Mai hoto a can yana iya shan shayi yana jira, na nan kuwa in ya tsaya amsa waya an gama. Kuma cikin minti 20 ɗin ma, inda awon ya yi daidai bai fi rabinsu ba.

Ga kuma maganar wuta. Hotunan Dubai da Hong Kong da ke burge mutane, gine-ginen ne ke haska kansu, hawa a kan hawa, taga bayan taga. Garuruwanmu a kwance suke, kuma ranar da aka ɗauke wuta abin da ya rage shi ne fitilun sola jefi-jefi, da shagon mai janareto, da fitilun motoci. Garin da babu wuta ya fi nisa da wata a awo, don haka mu mun fi kowa dogara ga ragowar hasken sama. Hunturu shi ma yana da nasa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, in ta yi kaɗan alheri ce, tana disashe watan ta mayar da shi ruwan lemo, har a iya kallonsa a ɗauke shi cikin sauƙi. In ta yi yawa, ba za a gan shi ba sam sai ya yi sama, lokacin duhu ya riga ya shiga. Damina tana wanke iska amma tana kawo gajimare. A ganina kaka ce lokacin wannan hoto, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke hazo bai kankama ba.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan girma, kuma ba zan kauce mata ba. Mintocin da na yi ta yabo ɗin nan, su ne mintocin sallar magariba. Ladan yana kira, wata yana fitowa. Ni dai ba zan ce wa kowa ya bar sahu saboda hoto ba. Amma ranar tana da baki biyu. Abin da ke faruwa da almuru yana sake faruwa da sassafe a juye: cikakken wata yana gangarawa yamma lokacin da gabas ke washewa. A Kano tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana akwai fiye da awa ɗaya, mutum ya yi sallar asuba a nutse, ya yi azkar, ya hau sama da sauran lokaci. Kimanin minti 20 kafin rana ta fito, a safiyar 14 ko 15 ga wata, sama ta yi shuɗi, fitilun titi ba a kashe su ba tukuna, ƙurar jiya ta kwanta, hayaƙin girki bai tashi ba. Sai dai wannan karon a tsaya gabas da ginin da ake so, a fuskanci yamma. Na fi son hoton asuba a kan na magariba, kuma ina mamakin yadda ba a cika yin sa ba.

Ga yadda muke yi da ke in aikin zai yi kyau. Kafin a hau soro a sanar da maƙwabta, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni, kuma a ɗaga ki sama da katangun mutane, ba cikin gidajensu aka zo ɗauka ba. A goge gilashinki da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa, balle bayan ƙosai, shi ke sa kowace fitila ta yi wutsiya. In babu sandar nan mai ƙafa uku, a ɗora ki a kan katanga a tokare ki da bulo, ko a cika leda da rairayi a nutsa gindinki ciki. A kashe filasha, tunda haskenta ko ƙofar gida ba ya kaiwa. A kashe tsarin ɗaukar dare, wanda aikinsa shi ne tara haske na tsawon sakanni, abin da watan ba ya so ke nan. Sai a ɗora yatsa a kan watan a riƙe har ɗan akwatin ya kulle, a kama 'yar alamar ranar da ke gefensa a ja ta ƙasa a hankali. Da farko fari ne fat mai gashi-gashi. A ƙara ja, gefensa ya fito a yanke. A ƙara kaɗan, sai ga toka-tokan tabonsa. A nan za a tsaya a dubi ƙasan hoton. In har ana gane hasumiya da bakin rufi da kan bishiyar darbejiya, an dace da lokaci. A sa agogon sakan 3 a janye hannu, saboda girgizar dannawa kaɗai ta isa ta ɓata komai. A sake bayan kowane minti ɗaya, domin hasken yana sauyawa a kan idon mutum.

Mai wayar da ke da tsarin Pro ya fi samun sauƙi. Ƙofar haskenki ba ta tsukewa, a buɗe take kullum wajen f/1.8, saboda haka da saurin marufi ake ramawa. A sa ISO mafi ƙanƙanta, 50 ko 100. Watan da ya yi sama zai nemi kashi ɗaya cikin 2,000 na sakan ko fiye da haka sauri, wanda ke ƙasa cikin ƙura kuwa yakan sauko wajen ɗaya cikin 250. In akwai RAW a kunna, domin yana ajiye abin da ke cikin inuwa, a iya ɗago shi daga baya. Ɗan koren ɗigon nan da kan bayyana a ɗaya ɓangaren hoton, wanda wasu ke turawa dangi suna cewa sun ga abin al'ajabi, hasken watan ne ya yi tsalle tsakanin gilasanki. A ɗan karkata waya za a ga ya matsa.

Batun girma kuma ƙafa ce ke maganinsa. Watan da ke fitowa ta bayan gidaje bai fi na tsakar dare girma ba, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura shi, ke kuma ba ki da wannan ƙwaƙwalwar. Mai son ƙaton wata a bayan gini sai ya yi nesa da ginin ya jawo shi da dogon gilashi. Lissafin mai sauƙi ne: a kowace kilomita ɗaya ta nisa, wata yana rufe abin da ya kai mita 9. Hasumiyar babban masallacin Agadas tsawonta mita 27 ne, don haka wanda ya tsaya kilomita 3 daga gare ta zai ga wata ya yi daidai da ita daga gindi zuwa ƙoli. Wanda ya tsaya a ƙofar masallacin kuwa ɗigo zai samu, ko da kyamarar miliyan nawa ce a hannunsa. Dalilin da ya sa tsauni irin Dala da Gwauron Dutse ke da daraja ga mai hoto ke nan, suna ba da nisa ba tare da wani gini ya tare ba. Mai dogon gilashi ya tuna cewa wata ba ya tsayawa: cikin minti 2 yake matsawa da faɗin jikinsa, kuma a gilashi mai milimita 300, in marufi ya wuce sakan ɗaya a buɗe gefensa ya fara shafewa.

In lokacin ya kuɓuce, akwai dabarar ɗauka biyu. Ba tare da an motsa ki ba, a ɗauki ɗaya da awon wata, ɗaya da awon gari, a haɗa su a kwamfuta. Dabarar ta girmi kakanninmu. A 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yana ɗaukar teku daban sama daban a garin Sète yana haɗa su a takarda guda, saboda faranten zamanin ba sa iya riƙe hasken biyun. Ke ma abin da kike yi ke nan a ɓoye in an kunna HDR, kina ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya kina tace su. Ban ga aibu a nan ba. Wuri ɗaya ne, minti ɗaya ne, wata yana inda yake da girman da yake da shi. Ido ma haka yake yi. Amma shi kansa Le Gray an gano yana ɗaukar sama ɗaya yana ɗora ta a kan teku daban-daban, kuma daga nan ne maganar ta fara sauya launi.

Wannan ya kawo ni ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Maris 2023 wani mutum ya yi wa 'yar'uwarki gwaji. Ya samo hoton wata, ya ƙanƙanta shi, ya dusashe shi a kwamfuta har ramukan suka ɓace, ya kashe fitilar ɗaki, ya koma nesa ya ɗauki fuskar kwamfutar da wayar Samsung mai jawo abu ninki 100. Wayar ta ba shi wata mai ramuka da tabo tsaf, abubuwan da babu su a abin da ke gabanta. Kamfanin ya yi bayani cewa ba manna hoto yake yi ba, wayar tana ɗaukar hotuna da dama ta haɗa, sannan ƙirƙirarriyar basirar da aka horar da hotunan wata ta gane shi ta ƙara masa fitowa, kuma mai waya yana iya kashe tsarin. Kafin nan, a 2019, an yi wa Huawei P30 Pro irin wannan zargi. Abin yana da sauƙin yi ne saboda wata fuska ɗaya yake nuna wa duniya kullum. Duk wanda ya haddace fuskar zai iya zana ta ido rufe.

To Malama, wannan ita ce hanyar da ba na so ki bi. In na ɗaga ki sama, abin da ke sama a daren nake nema, da ƙurarsa da hazonsa. In hunturu ya shafe ramukan, to shafaffen wata shi ne labarin ranar. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma darajar hoto duka a kan wannan ta rataya. Ranar da kika fara ba ni abin da kika haddace a madadin abin da kika gani, kin koma mai ba da labari, labarin ma na jiya.

Wani zai ce wata ne kawai, me ya yi zafi? A wurinmu wata ba ado ba ne kawai. Da shi ake ɗaukar azumi, da shi ake ajiyewa. Duk daren 29 ga Sha'aban ko Ramadan, tun Mai Alfarma Sarkin Musulmi bai yi sanarwa ba, hotuna sun cika WhatsApp: jinjirin wata mai kauri, tsaye tsakanin hasumiya biyu, a sama baƙa wuluk, wani lokaci har da tauraro a cikin ƙahonninsa. Wanda ya taɓa fita duban wata ya san ba haka yake ba. Jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, yana ƙasa ta yamma inda sama ke da sauran ja, kuma ba ya daɗewa bayan rana yake faɗuwa. Gefensa mai haske yana kallon inda ranar ta nutse, shi ya sa a ƙasashenmu yawanci a kwance yake, ƙahonni sama. Tauraro kuwa ba ya shiga tsakanin ƙahonnin, domin wurin ba fanko ba ne, sauran jikin watan ne da rana ba ta haska ba. Waɗannan hotuna mutane ne ke haɗa su, na sani, ba ke ba. Amma in ke ma kika shiga sahun masu ƙawata sama, wa zai rage a tambaya?

Abin haushin shi ne jinjirin gaske ya fi kowane wata sauƙin haɗawa da gari. A daren 2 ko 3 yana nan a yamma har bayan an idar da magariba, haskensa bai kai na cikakken wata ƙarfi ba, fitilun gari sun kama, sama ba ta gama baƙi ba. In aka tokare ki da kyau aka ba ki kamar sakan ɗaya, har duhun jikinsa za ki nuna yana ɗan haske toka-toka. Hasken rana ne da ya daki duniyarmu ya koma kan watan ya sake dawowa, abin da Leonardo da Vinci ya bayyana tun farkon ƙarni na 16. Wannan kina iya ɗaukarsa da gaskiyarki, ba ƙari.

Roƙona gare ki, da waɗanda ke ƙera ki, kaɗan ne. Ki bar mini awon haske a inda yatsa zai kai gare shi, kada a binne shi a can ƙasan saituna. Ki ajiye mini hoton asali kusa da wanda kika gyara. Daga 2024 wayoyin Samsung na jerin S24 sun fara sa 'yar alama a kusurwar hoton da mai waya ya sa ƙirƙirarriyar basira ta sauya, kuma wannan mataki ne mai kyau. Ina so alamar ta hau har kan gyaran da kike yi da kanki ba tare da an sa ki ba. Duk abin da kika ƙara wanda bai ratso ta gilashinki ba, ki rubuta a jikin hoton cewa kin ƙara. In ba za ki iya rubutawa ba, ki ba ni farin ɗigona haka nan, ni zan nemi lokacin da ya dace in sake ɗauka.

Wassalam.

Naki,
mai riƙe da ke, daga Kano.